Sa hannu a Yarjejeniyar Geneva yana kare fursunan yaƙi kuwa?

Tambaya: Malam, kullum muna jin gwamnatin Amurka tana cewa tana mutunta Yarjejeniyar Geneva kan yadda ake riƙe fursunonin yaƙi, har takan tsawatar wa wasu ƙasashe. Amma mun ji labarin Guantanamo, mun kuma ga hotunan cin zarafin fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi. Shin wannan sa hannun yana ɗaure gwamnati da gaske, ko takarda ce kawai? Idan ta saɓa, wa zai hukunta ta?

Amsa:

Yana ɗaure ta, ɗan'uwa, sai dai babu wani ɗan sandan duniya da zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar fadar shugaban ƙasa ya ce fito. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, da wuya ka ji gwamnati ta fito fili ta ce ta yi watsi da yarjejeniyar. Babu ƙasar da ta taɓa ficewa daga yarjejeniyoyin 1949, kuma ƙasashe 196 ne a ciki. Hanyar da ake bi ta fi haka wayo: sai a ce muna nan kan alkawarinmu, amma waɗannan mutanen da ke hannunmu ba su ne alkawarin ya shafa ba. Abin da Amurka ta yi ke nan a 2002, kuma da yake takardunta na ciki sun fito fili, labarinta ya fi na kowa sauƙin bi daki-daki.

Bari mu fara da abin da aka sa wa hannun. Yarjejeniyoyin huɗu ne, an kammala su ranar 12 ga Agusta, 1949. Ta uku ita ce ta fursunonin yaƙi, mai sashe 143, kuma Amurka ta tabbatar da shigarta a 1955. Ginshiƙinta guda ne: sojan da aka kama ba mai laifi ba ne don ya yi yaƙi. Ana tsare shi ne don kada ya koma fagen daga, shi ke nan. Saboda haka Sashe na 12 ya ce yana hannun ƙasar da ta kama shi ne, ba hannun kofur ko bataliyar da ta cafke shi ba, wato duk abin da ya same shi gwamnati za a tambaya. Sashe na 13 ya hana cin zarafinsa, ya hana a nuna shi ga jama'a don kallo ko tozartawa, ya kuma hana a rama a kansa abin da ƙasarsa ta yi. Sashe na 17 ya ce abin da ya wajaba ya faɗa shi ne sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Kana iya tambayarsa abin da ka ga dama, amma idan ya yi shiru ba ka da ikon taɓa shi, ko yi masa barazana, ko rage masa abinci. Akwai kuma ƙananan abubuwa da mutum zai yi mamakin an rubuta su: cikin mako guda da isarsa sansani a ba shi kati ya sanar da iyalinsa, a bar shi ya aika aƙalla wasiƙa 2 da kati 4 a wata, har da ɗan alawus na wata-wata. Wanda ya tashi da labarin fursunonin Badar, waɗanda wasunsu suka fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu, ba zai ji wannan tunani baƙo ba.

Jini ne ya jawo aka rubuta su dalla-dalla haka. Akwai wata yarjejeniyar fursunoni tun 1929, amma a Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta kama sojojin Tarayyar Sobiyet kusan miliyan 5.7, kuma kimanin miliyan 3.3 daga cikinsu suka mutu a hannunta, da yunwa da sanyi da harbi. Hujjar da ta kafa ita ce Sobiyet ba ta shiga yarjejeniyar 1929 ba. A daidai wannan lokacin, a cikin ƙasa guda, fursunonin Ingila da Amurka da suka mutu a hannun Jamus ba su wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Japan kuwa ta sa hannu a ta 1929 amma ba ta tabbatar da ita ba, kuma kimanin kashi 27 cikin ɗari na fursunonin Turawa da ke hannunta suka mutu. Ka ga tun a can, abin da ya raba mai rai da gawa shi ne shawarar da gwamnati ta yanke kan wa dokar ta shafa. Shi ya sa Sashe na 1 na yarjejeniyoyin 1949 ya ce a mutunta su a kowane hali. Muguntar abokin gaba ba ta sauke maka wajibinka.

Masu rubutun sun kuma hango cewa wata rana za a yi gardama kan wanene fursunan yaƙi, sai suka toshe ƙofa biyu. Ta farko, Sashe na 5: idan akwai shakka kan matsayin wanda aka kama, yana ƙarƙashin cikakkiyar kariya har sai wani kwamitin shari'a da ya cancanta ya duba lamarinsa. Ta biyu, Sashe na 3, wanda yake iri ɗaya a dukkan yarjejeniyoyin huɗu. Shi ya shafi yaƙin da ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba, kuma ya ce duk wanda ya ajiye makami ko aka kama shi, ko wanene shi, ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a wulaƙanta shi, ba a yanke masa hukunci sai a kotu ta haƙiƙa.

Amurka ta san wannan sarai, domin ta yi aiki da shi. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 sojojinta sun zauna irin wannan zaman tantancewa kusan sau 1,200, inda aka gano mafi yawan waɗanda ake shakka a kansu fararen hula ne da yaƙi ya rutsa da su. Tsarin yana nan a rubuce cikin ƙa'idojin rundunar. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 ne 'yan siyasa da lauyoyin fadar White House suka ajiye shi gefe. Ranar 11 ga Janairu, 2002 aka sauke kamammu 20 na farko a sansanin Guantanamo da ke tsibirin Kyuba, wurin da aka zaɓa da tunanin cewa hannun kotunan Amurka ba zai kai can ba. Ranar 25 ga watan, lauyan fadar, Alberto Gonzales, ya rubuta wa Shugaba George W. Bush cewa wannan sabon nau'in yaƙi ne da ya mai da ƙa'idojin Geneva kan tambayar fursuna tsohon yayi. Ya kuma kawo wani dalili da ya tona asirin zancen: cire kamammun daga ƙarƙashin yarjejeniyar zai rage yiwuwar a tuhumi jami'an gwamnati da dokar laifukan yaƙi ta Amurka ta 1996. Sakataren harkokin waje Colin Powell, wanda tsohon janar ne, ya ƙi yarda, ya yi gargaɗin cewa hakan zai rushe al'adar fiye da shekara ɗari, ya kuma jefa sojojin Amurka da za a kama nan gaba cikin haɗari.

Ranar 7 ga Fabrairu, 2002 Bush ya yanke hukunci. Al-Ƙa'ida ba ƙasa ba ce, yarjejeniyar ba ta shafe ta ba. Yaƙin da ake yi da Taliban yarjejeniyar ta shafe shi, amma mayaƙan Taliban, dukkansu a dunƙule, ba su cancanci matsayin fursunan yaƙi ba. Sashe na 3 kuma bai shafi ko ɗaya daga cikinsu ba. Sannan takardar ta ce sojoji za su ci gaba da riƙe kamammu cikin mutunci, kuma daidai da manufofin Geneva gwargwadon yadda ya dace da buƙatar yaƙi. Duba yadda aka juya abin: wajibi ya koma alfarma, alfarmar ma da sharaɗi, kuma sojoji kawai aka ambata, hukumar leƙen asiri ta CIA ba ta ciki.

A yi adalci, ba duk hujjarsu ce ta banza ba. Sashe na 4 ya gindaya wa mayaƙan da ba sojan gwamnati ba sharuɗɗa huɗu: su kasance ƙarƙashin kwamanda mai alhaki, su sa alamar da za a gane su daga nesa, su riƙe makami a fili, su kiyaye dokokin yaƙi. Ƙungiyar da ta kai hari kan fararen hula da jiragen fasinja ba ta cika ko rabinsu ba, kuma masana da yawa da ba sa ɗasawa da Bush sun yarda da haka. Inda aka kauce hanya shi ne wuri biyu. Taliban ita ce ke mulkin Afganistan a lokacin, mayaƙanta su ne sojan ƙasar, ba a cire su da alƙalami guda. Sannan shugaban ƙasa ba shi ne kwamitin da Sashe na 5 ke nufi ba. Ta yaya ka san mutumin da 'yan bindigar wani yanki suka miƙo maka don karɓar ladan daloli ɗan Al-Ƙa'ida ne, in ba ka zauna ka binciki lamarinsa ba? Kimanin mutum 780 ne suka ratsa Guantanamo, kuma mafi yawansu an sake su ko an mayar da su wasu ƙasashe ba tare da an taɓa tuhumarsu da komai ba.

Da ƙofa ta buɗe, sauran suka biyo baya da sauri. Ranar 1 ga Agusta, 2002 ma'aikatar shari'a ta fitar da fatawa mai ɗauke da sa hannun Jay Bybee, wadda ta ce azabtarwa sai zafin ya kai irin na lalacewar wata gaɓa ta ciki ko mutuwa. CIA ta buɗe gidajen tsaro na ɓoye a ƙasashen waje. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawa da aka fitar da taƙaitaccensa a Disamba 2014 ya ƙirga mutum 119 da suka shiga hannunta, aƙalla 39 aka yi musu abin da ake kira tambaya mai tsanani: hana barci na kwanaki, cusawa cikin akwati, kwarara ruwa a fuska har mutum ya ji yana nutsewa. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da tsara harin 11 ga Satumba, an yi masa na ruwan sau 183. Abin da ya fi ba ni haushi a wannan zamanin shi ne Maris 2003, lokacin da talabijin ɗin Iraƙi ya nuna sojojin Amurka da aka kama. Nan take Sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya ce an saɓa Yarjejeniyar Geneva. Gaskiya ya faɗa, Sashe na 13 ne. Amma ma'aikatarsa ce ta raba wa duniya hotunan kamammun Guantanamo a durƙushe cikin kaya ruwan lemo shekara guda kafin nan. Iraƙi kuwa ba wanda ya taɓa musun cewa yarjejeniyoyin suna aiki a cikinta, duk da haka dabarun da aka halatta a wani wurin suka yi ƙaura zuwa kurkukun Abu Ghraib, har hotunan suka fito a ƙarshen Afrilu 2004.

Yanzu ga sashen tambayarka na biyu. Waɗanda suka ja wa gwamnatin birki 'yan gida ne. Wani ƙaramin soja, Joseph Darby, shi ya miƙa faifan hotunan Abu Ghraib ga masu bincike a Janairu 2004. Manjo Janar Antonio Taguba ya rubuta rahoton da bai yi wa rundunar kara ba. Manyan lauyoyin soja sun yi ta rubuta ƙin amincewarsu tun 2003. Sanata John McCain, wanda ya yi shekara biyar da rabi fursuna a Hanoi daga 1967 zuwa 1973 kuma ya sha azaba a can, ya kawo gyaran doka da ya haramta muguwar mu'amala ga duk wanda ke hannun Amurka, Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 90 da 9 a Oktoba 2005. Sai babbar: Salim Hamdan, ɗan Yemen, direban Usama bin Laden, wanda rundunar da kanta ta ba shi lauya, hafsan sojan ruwa Charles Swift. Lauyan ya ɗauki aikin da gaske, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli. Ranar 29 ga Yuni, 2006 alƙalai 5 suka rinjayi 3, suka ce Sashe na 3 ya shafi yaƙin da ake yi da Al-Ƙa'ida, kuma kotunan sojan da Bush ya kafa ba su cika ƙa'ida ba. Cikin kwana goma ma'aikatar tsaro ta ba da umarnin a bi sashen. A watan Satumba Bush ya amsa a bainar jama'a cewa akwai gidajen ɓoye, aka kwaso mutum 14 zuwa Guantanamo. Ka lura, takardar 1949 ce direban ya riƙe ya kayar da shugaban ƙasa a kotun ƙasarsa. Da ba a sa hannu ba, da ba shi da abin riƙewa.

Amma kada ka yi saurin tafi. Gyara ya zo, hukunci bai kai ga manya ba. Sashe na 129 da na 130 sun wajabta wa kowace ƙasa ta nemo wanda ya aikata ko ya ba da umarnin kisa da azabtar da fursuna ta gurfanar da shi. A kan Abu Ghraib sojoji 11 aka samu da laifi, duk ƙanana, mafi tsananin hukunci shekara 10 ne ga Charles Graner. Birgediya Janar Janis Karpinski rage mata muƙami aka yi zuwa kanar. A Oktoba 2006 majalisa ta yi sabuwar doka da ta ƙuntata ma'anar laifin yaƙi, ta kuma mai da gyaran baya don ya rufe shekarun da suka wuce. Barack Obama ya haramta dabarun ranar 22 ga Janairu, 2009, amma binciken ma'aikatar shari'a kan CIA an rufe shi a 2012 ba a tuhumi kowa ba. Waɗanda suka rubuta fatawar da waɗanda suka amince da ita ba wanda ya tsaya gaban alƙali.

Daga waje fa? Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da haƙƙi a Sashe na 126 ta ziyarci fursunonin yaƙi, ta gana da su ba tare da mai gadi a wurin ba. Wannan ziyara tana ceton rai, domin wanda aka rubuta sunansa a rajista ɓatar da shi yana da wuya. Sai dai ƙungiyar ba ta kai ƙara, rahotonta a asirce take miƙa wa gwamnati, da wannan shirun ne take sayen izinin shiga. Ta fara ziyartar Guantanamo tun Janairu 2002, gidajen CIA kuwa ba a bar ta ta leƙa ba. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague, Amurka ba mamba ba ce. Da kotun ta amince a binciki abin da ya faru a Afganistan a Maris 2020, gwamnatin Donald Trump ta ƙaƙaba wa babbar mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, takunkumi, kuma magajinta Karim Khan ya ce a 2021 zai mai da hankali kan Taliban da ƙungiyar IS (Da'esh). 'Yan abin da aka samu a Turai ne: kotun Italiya ta samu Amurkawa 23 da laifi a bayan idonsu a 2009 kan sace wani limami ɗan Masar a Milan, kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai kuma ta samu Poland da laifi a 2014 saboda ba da masaukin gidan ɓoye. Kwatanta da Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, wanda kotu ta musamman a Dakar ta ɗaure rai da rai a Mayu 2016, cikin laifukansa har da kashewa da azabtar da fursunonin yaƙi. Dokar ɗaya ce. Habré ya riga ya faɗi daga mulki tun 1990, kuma ba shi da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu.

To idan ka ji wata gwamnati, kowace ce, tana rantsuwa da Geneva, bar jawabin ka dubi aikin. Wa ke yanke hukuncin matsayin wanda aka kama, kwamiti ne mai duba mutum ɗaya-ɗaya ko sanarwa ce daga sama? Shin akwai rajistar sunaye, iyalai sun san inda 'yan'uwansu suke? Red Cross tana shiga ko'ina, ko akwai ɗakunan da ba a nuna mata? Kotun ƙasar tana iya ce wa rundunar a'a ta zauna lafiya? Sannan idan an yi hukunci, a kan wane muƙami ya tsaya? Waɗannan tambayoyin sun shafe mu kai tsaye. Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin a 1961, Nijar a 1964. A 1967, lokacin yaƙin basasa, gwamnatin Yakubu Gowon ta raba wa sojojinta ƙa'idar aiki da ta ce a riƙe wanda ya miƙa wuya a matsayin fursunan yaƙi, amma a Oktoban shekarar sojojin tarayya suka yi wa fararen hula kisan gilla a Asaba. Ɗan Boko Haram da aka kama ba fursunan yaƙi ba ne a ma'anar yarjejeniya ta uku, ana iya gurfanar da shi don ɗaukar makami kawai, amma Sashe na 3 ya rufe shi, ballantana manomin da aka kwaso a samame. Rahoton Amnesty International na Yuni 2015 ya ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsaren soja a arewa maso gabas tun 2011, rundunar kuma ta musanta.

Akwai wani giɓi da har yau ba a cike ba. Sashe na 118 ya ce a saki fursunoni ba tare da jinkiri ba da zarar an daina fafatawa. Ko a yaƙe-yaƙe na yau da kullum ana saɓa wannan: yaƙin Iran da Iraƙi ya tsaya a 1988 amma musayar fursunoni ta kai 2003, kuma sai a Agusta 2005 Polisario, ƙungiyar da ke neman 'yancin Yammacin Sahara, ta saki sojojin Maroko 404 na ƙarshe, shekara 14 bayan tsagaita wuta. Waɗannan aƙalla akwai ranar da za a nuna a ce ga lokacin da ya kamata a sake su. Yaƙi da ta'addanci ba shi da ranar ƙarewa. Sojojin Amurka sun bar Afganistan a Agusta 2021, amma a Janairu 2025 akwai sauran mutum 15 a Guantanamo, cikinsu har da waɗanda ba a taɓa tuhuma ba, kuma hujjar tsare su a shari'ance ita ce wai yaƙin bai ƙare ba.